Ƙuri'ar Ƙwallon Dabino a Nuzla

Ɗakin farko da na zauna a Jidda a unguwar Karantina yake, can ƙarshen wani lungu da ko baro ba ya shiga sai an karkata shi. Dillalin da ya kawo ni ya ce kwana biyu kawai zan yi a nan kafin kamfani ya ba ni masauki. Ya karɓi lambar wayata, ya dafa kafaɗata, ya ce in saki jikina, ai na zo ƙasa mai tsarki. Har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba. Na ja masa Allah ya isa a lokacin, kuma ban janye ba.

Sanusi sunana, mutumin Dambatta, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki na iya. Na baro amarya a ɗaki, Murja, ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba. Na ce mata shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu, zan dawo in buɗe shagona a bakin titi. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya nuna mana. Ni kuwa a lokacin gani nake kuɗi a Saudiyya sai dai mutum ya sunkuya ya tsinta.

Mun fi ƙarfin ɗakin nan na Karantina. In mutum ɗaya zai juya sai na kusa da shi ya farka. Ranar da na iso ina tsaye da jakata ban san inda zan ajiye ta ba, kowa ya kawar da kai, sai wani siririn mutum ya ja tabarmarsa gefe ya nuna mini wurin. Isufu ke nan, mutumin Maraɗi, ya riga ni zuwa da shekaru, dako yake yi a kasuwar kayan gwari. Ya tura mini kwanon wake da gurasa.

"Ci hwa," in ji shi. "Wanda ya tsaya kunya nan yunwa ka kashe shi."

Na ci ina ɓoye hawaye. Tun daga ranar kwanonmu ɗaya da shi.

Aiki kam na samu, a wani kamfanin gyare-gyare da ke Aziziyya. Kafilina, wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, sunansa kawai na sani a jikin iƙamata, katin izinin zama. Da asuba mota ta kwashe mu, a raba mu gidaje, mu hau rufin bene mu wuni da injinan sanyi. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi kamar an watsa masa ruwan zafi, riga ta manne a jiki tun hantsi. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni albashi ne. Wata zai mutu a ce sai sati mai zuwa, sati ya zo a ce maigida ya yi tafiya. Sai an tara maka biyu ko uku a ba ka ɗaya, kana godiya kuma, don in ka ɗaga murya a tuna maka cewa takardunka a hannunsu suke.

A haka ina ɗan aika wa Murja abin da ya samu, har ranar da muka tashi muka ga an yi jan rubutu a bangon gidanmu da na maƙwabta. Rusau ya zo Karantina. Na ga tsofaffin da aka haifa a unguwar suna zaune a kan katifunsu a bakin titi, suna kallon katafila tana cin gidajen da suka girma a ciki. Mu da ba mu da komai sai jaka muka ɗauka muka nufi Nuzla, inda kowa ya nufa. Masu gidaje kuwa suka ga kasuwa ta buɗe. Ɗakin da kare ba zai yarda ya kwana ba aka ninka kuɗinsa, kuma a ce sai an biya na watanni a gaba. Ga shi kamfani ya riƙe mana albashi. Isufu ya juye aljihunsa, na juye nawa, ko rabi ba mu haɗa ba.

Wani ya ce mu je wajen Ammi Bakur. Ammi kuwa baffa ke nan a Larabcinsu.

Ammi Bakur haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taho aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa bai koma ba. Dattijo ne fari tas a tufafi, ga saje ya yi furfura, ga ƙamshin turare, carbi ba ya barin hannunsa. Yana da shagon shinkafa a Nuzla, kuma duk wanda albashinsa ya makara ya san hanyar shagon. Hausarsa rabi Larabci ce. Na durƙusa na gaishe shi, na ce rance nake nema zuwa ƙarshen wata, ko da za a ɗora wani abu a kai.

Ya ja da baya kamar na zage shi. "A'uzu billah! Kuɗin ruwa, ya waladi, ɗana? Haram. Ni tajiri ne, shinkafa nake sayarwa. In kana so ka saya, marhaba."

Ban gane ba sai da na yi. Kana neman riyal dubu biyu, sai ya sayar maka da buhunan shinkafa a kan dubu biyu da ɗari shida, biya ƙarshen wata. Ka sa hannu a takardar alkawarin biya, wadda suke kira sanad. Daga nan sai ya ce ciniki ba ya halatta sai kaya sun shiga hannunka, don haka dole ka ɗauki buhunan da kanka, ɗaya bayan ɗaya, ka fita da su ta ƙofar gaba. Shagon da ke manne da nasa na surukinsa ne, mijin 'yarsa. Can za ka sauke, shi kuma ya saya a hannunka dubu biyu lakadan. Kana ƙirga kuɗinka kana jin ana jan buhunan ta ƙofar baya ana mayar da su inda suka fito.

Haka na yi dakon shinkafar nan a kafaɗata, gumi yana zuba, Ammi Bakur yana zaune a kujera yana cewa, "Yalla, bismillah, Allah ya sa albarka a ciniki." Akwai wani buhu da aka ɗinke kusurwarsa da shuɗin zare. Duk zuwan da na yi bayan wannan sai na haɗu da shi. Ina jin shinkafar cikinsa ta girmi zamana a Jidda.

Don kuwa na koma, ba sau ɗaya ba. Ƙarshen wata ya zo kamfani bai biya ba. Na je na faɗa masa, ya ce mafi mushkila, wato ba damuwa, ba a tsananta wa Musulmi. Sai in sayi wata sabuwar shinkafar, in sayar, in biya ta baya da kuɗin. A yaga tsohon sanad a rubuta sabo, wanda ya fi shi nauyi. In albashi ya fito in kai masa kusan duka, in dawo da abin da ba zai kai ni tsakiyar wata ba, sai kuma in sake komawa. Wallahi na biya dubu biyun farko har na manta sau nawa, amma kullum abin da ke kaina ƙaruwa yake.

Abin da nake aika wa gida ya ragu, ya koma sai an yi sa'a. Murja ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. In na kira sai ta ce, "Yaya, ka ci abinci kuwa? Muryarka ta canja." In ce mura ce. Shekara ta biyu ta wuce, ta uku ta bi ta, ƙawayenta da aka yi bikinsu tare har sun yaye na fari. Ta koma gidansu da zama saboda ɗakinmu yana yoyo kuma ba mai gyarawa.

Wata rana mahaifinta ya kira ni da kansa. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

"Malam Sanusi," in ji shi, "ni ban ce ka yi laifi ba. Nema ka tafi, kuma arziki na Allah ne. Amma yarinyar nan mutum ce. Na ba ka nan da Babbar Sallah. Ka zo ko da hannu rabbana ne, mu gan ka, ta gan ka, ka koma. In kuma ba hali, ka sawwaƙe mata, kada mu ɗauki alhakinta ni da kai."

Na ce, "Baba, in sha Allahu zan zo."

Daga ranar na daina shan shayi da madara. Na riƙa karɓar aikin bayan fage ranar Juma'a, in gyara wa wannan firji in wanke wa wancan inji. Kamfani ya yarda zai ba ni hutu da bizar fita da dawowa. Saura Ammi Bakur, don na san mai sanad a hannu yana iya tsayar da tafiyar mutum in ya ga dama. Na je na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Ruh, ya waladi, je ka ga iyalinka. Kai zabun ɗina ne, mai sayayyata na kirki, ba ka gudu. Ka dawo mu ci gaba da ciniki."

Har hannunsa na sumbata ranar. Na kira Murja na ce ta fara shiri. Sai na ji tana dariya tana kuka a haɗe.

Ana cikin haka wani maigadi mutumin Damagaram ya faɗi a bakin aikinsa, ya rasu. Mu Hausawan wannan yanki na Nuzla muna da ɗan asusu na jana'iza da taimakon iyalin mamaci, kuma Ammi Jibrin ne ke riƙe da shi. Shi Bahaushen Sudan ne, tsohon tela, kowa yana jin maganarsa, sai dai kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake ji. Aka yi karo-karo don a aika wa matar mamacin da 'ya'yansa. Ba a ko yi sadakar uku ba surukin Ammi Bakur ya zo da sanad, ya ce mamaci yana da bashin shinkafa, kuma bashi yana gaba da gado. Ya kwashe fiye da rabin abin da aka tara.

Unguwa ta ɗauki zafi. A ɗakuna, a bakin masallaci, a wajen mai shayi, ba a maganar komai sai wannan. Mutanen da ban taɓa sanin suna dakon shinkafa ba suka fara faɗin nasu, ashe kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ammi Jibrin da wasu dattawa da ba a bin su ko sisi suka kawo shawara: jama'a ta sa iyaka. Duk mai ba da kaya bashi zuwa ƙarshen wata kada ya ɗora fiye da goma a kan ɗari, kuma in an sabunta kada a sake ɗorawa. Wanda ya ƙi, a daina sayayya a shagonsa, a daina zuwa sunansa da bikinsa.

Da aka kai wa Ammi Bakur maganar bai ko ɓata rai ba. Ya ce shi ɗan jama'a ne, a tambayi jama'a, abin da suka zaɓa ya bi. Wasu suka ce a ɗaga hannu. Isufu ya ce wane mahaukaci ne zai ɗaga hannu a gaban mai bin sa bashi? Sai aka tsaya a kan ƙuri'a ta sirri, kamar yadda ake zaɓe a gida. Da yake ba kowa ya iya rubutu ba, Ammi Jibrin ya ce a yi da ƙwallon dabino. Kowa a ba shi dabino ɗaya, ya ci, ya shiga bayan labule ya jefa ƙwallon a inda ransa yake so.

Ni duk wannan hayaniyar bakina a ɗinke yake. Tafiyata ta kusa, ba ni da abin da ya fi ta. Ko a ɗaki in Isufu ya fara zagin Ammi Bakur sai in juya wa bango fuska. Amma ban yarda da abin ba. Na ce a raina, tunda sirri ne, ba wanda zai sani sai ni da Ubangijina, ƙwallona dai ba zai goyi bayan wannan zalunci ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a tsakar gidan Ammi Jibrin. Da yake ni ne mai kayan aiki, ni da Isufu aka sa mu ɗaura labule a wani lungu na tsakar gidan. Muka nemi abin zuba ƙuri'a. Matar gidan ta miƙo babban gwangwanin madara wanda ya ƙare, muka kuma samo wata robar fenti a bayan gida muka wanke. Na huda murfin kowanne daidai shigar ƙwallo, na naɗe su da salatif don kada wani ya buɗe. Gwangwani na masu son a sa iyaka, roba ta masu son a bar ciniki yadda yake. Duk hankalinmu yana kan kada a gani. Ba wanda ya yi tunanin kunne, daga ni har dattawan.

Ammi Bakur ya zo da katan ɗin dabino sadaka. Saboda girmansa aka shimfiɗa masa darduma a inuwa, kuma inuwar nan a gindin labulen take. Shi aka ba buɗe taro da addu'a. Ya yi mai tsawo, har da roƙon Allah ya raba mu da cin haram, muka shafa. Sai Ammi Jibrin ya ce, "Ku da kuka ɗaura labule ku fara, ku ba mutane wuri."

Na ci dabinona, na shiga, na ja labule. Na yi bismillah na saki ƙwallon a gwangwani.

Ƙwal!

Gwangwani ba komai a ciki, ga tsakar gida an yi tsit. Ƙarar ta fita kamar an buga ƙararrawar makaranta, har da ɗan gangarawar da ƙwallon ya yi kafin ya tsaya. Na sandare a wurin. Sai kuma na ce wa kaina ai robar ma za ta yi ƙara, wa zai bambance? Na fito ina kallon ƙasa. Isufu ya shiga, ƙwal. Wani ya bi shi, ƙwal. Na bayansa ya shiga, muka kasa kunne, sai wani ɗan tim da kyar ake ji. Kowa ya gane bambancin a lokaci guda.

Ammi Bakur idonsa a lumshe yake yana jan carbi. Ya buɗe su a hankali, ya yi murmushi.

"Masha Allah," in ji shi. "Gwangwanin nan yana da murya."

Ba wanda ya yi dariya. Na dubi Ammi Jibrin ina jiran ya tsayar da abin, sai na ga yana ta miƙa wa mutane dabino yana cewa na gaba ya shiga. Bai ji ƙarar ba, bai ji maganar ba. A cikinmu kuma ba wanda ya iya miƙewa ya ce a sake, don faɗin haka daidai yake da cewa dattijon da ya buɗe mana taro da addu'a yana zaune yana saurare. Kunya ta riƙe wasu, tsoro ya riƙe sauran. Layi ya ci gaba. Mutumin da ya yi kuka a ɗakinmu shekaranjiya saboda bashin nan ya shiga, tim. Wanda ya rantse da Alƙur'ani zai fara jefawa a gwangwani ya shiga, tim. Jefi-jefi in wani dattijo ya shiga a ji ƙwal, sai kuma a koma tim, tim, har aka gama.

Da aka juye, na gwangwani ko tafin hannu ba su cika ba. Ammi Jibrin ya daɗe yana kallon tulin na roba, ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, jama'a, ashe ni ne ban fahimce ku ba. Ciniki ya ci gaba yadda yake." Ammi Bakur ya yi godiya, ya ce ya yafe wa kowa, ya sa aka shigo da farantan shinkafa da kaza. Mutane suka ci. Ni na fita ban ko nemi takalmina na daidai ba.

A hanya Isufu ya ce, "Sanusi, mun kashe kanmu." 

Sati ya wuce shiru, har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri. Na sayi turmin atamfa da turare da dabino na tsaraba. Na je ofishin kamfani karɓar bizar fita. Ma'aikacin da ke bin takardunmu ya danna kwamfuta, ya sake dannawa, ya juyo da fuskarta wajena kamar na iya karantawa.

"An hana ka tafiya," in ji shi. "Wani ya kai sanad ɗinka kotu. Ba fita sai ka biya duka."

 Na zauna a ƙasa a ofishin mutane, har ya miƙo mini ruwa.

Daga nan shagon shinkafa na nufa. Na tarar da wani yana dakon buhuna, na jira ya gama. Na zube a gaban Ammi Bakur, na kama ƙafarsa. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa haka ba sai mahaifina. Na ce ya dubi girman Allah, aurena ne zai mutu. Na ce ya ninka abin da yake bi na, na yarda, in na dawo zan biya. Na ce kuskure ne, hannuna ne ya kuɓuce. Har wannan ƙaryar na yi.

Ya janye ƙafarsa a hankali, ya gyara zaman rigarsa.

"Ya waladi, ni ban zalunce ka ba. Shinkafa ka saya ko ba ka saya ba? Da muna yi da mutunci, ka zo in ce je ka, ba takarda ba shaida. Kai ka ce ba ka son mutunci, doka kake so. To ga doka, ta hukuma ma, wadda ta fi ta tsakar gida. Ka biya, khalas, shi ke nan, ka tafi."

"Ammi, a ina zan samo?"

"Allah Karim," in ji shi, ya juya ya kira na gaba.

Na bi duk inda zan bi. Ammi Jibrin da aka yi masa bayanin abin da ya faru ya riƙe kai ya yi ta salati, ya taka da kansa har shagon, aka ba shi shayi aka rako shi da girmamawa, ba a janye komai ba. Asusun jana'iza na matattu ne, kuma ko an juye shi duka ba zai kai ba. Isufu, wanda shi ma aka rufe masa ƙofar shagon, ya sayar da wayarsa ya damƙa mini kuɗin, ya ce in na ƙi karɓa ba shi ba ni. Na sayar da atamfar da turaren. Na roƙi kamfani bashin albashina da ke hannunsu, suka ce maigida ya yi tafiya. Duk abin da na haɗa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Waɗanda suka jefa a roba kuwa in sun hango ni sai su canja lungu. Ban riƙe su a rai ba, kowa yana da tasa Murjar a wani gari.

Alhazai suka fara sauka, gari ya cika da farin harami, jirage suna ta wucewa ta saman kanmu. Sallah ta zo ta wuce. Ban kira gida ba, don ban san me zan ce ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ina kan rufin wani bene a Aziziyya da tsakar rana, na kwance injin sanyi, wayata ta yi ƙara. Mahaifin Murja ne. Na goge hannuna a wando na ɗauka. Muka gaisa, ya yi mini barka da Sallah, ya tambayi aiki. Na faɗa masa komai, tun daga shinkafar har kotun. Ya saurara bai katse ni ba.

"Yaushe kake ganin za ka gama biya?"

Na so in ce wata shida. Bakina ya ƙi. Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya yi ajiyar zuciya. "To, Malam Sanusi. Ka san abin da muka yi da kai."

Na sani. Na tsaya a rufin nan, rana tana dukan ƙeyata, na furta saki ɗaya. Muryata ma ban gane ta ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ce ba gaba tsakaninmu, in rubuta in aiko da hoton takardar. Sai ya ce ga ta nan tana son magana da ni.

Na ji motsin wayar tana sauya hannu. 

"Yaya."

"Na'am, Murja."

"Gobe za a je a kwashe kayan ɗakin." Ta ƙara da cewa, "Makullin wa zan ba?"

Na ce ta kai wa Inna, mahaifiyata.

Ta ce to. Ta ce in riƙa cin abinci. Wayar ta katse.

Daga ƙasa matar gidan ta leƙo ta taga tana ɗaga murya da Larabci, wai tun ɗazu ɗakinta ba sanyi, yara sun kasa barci, me nake yi a sama haka? Na ce mata yanzun nan, Hajiya. Na durƙusa na laluba sukundireba, ban gan ta sosai ba saboda hawayen idona, na ci gaba da ɗaure injin.